Wayar da Ke Hawa Bayan La'asar

Abu uku ya kamata Injiniya ya gani a kan wayifai ɗin gidan mahaifiyarsa: wayarta, wayar mai yi mata girki, da talabijin. Ya ga huɗu.

"Mama, ɓarawo kike ciyarwa. Ga wata waya nan, kullum bayan la'asar sai ta hau. Minti ɗaya, biyu, ta sauka."

"To me ta ci maka a minti biyu?"

"Ba a nan take ba. Shekara shida kalmar sirri ɗaya! Kuma wa ke ajiye na'ura a tagar kicin? Rabin ƙarfinta lungun baya yake zuwa."

"Ni na ajiye. Bar min kayana yadda ka same su."

Bai bari ba. Shi ne babba tun rasuwar ubansu, kuma irin manyan nan ne da in sun yanke magana, ko uwar da ta haife su sai dai ta yi kallo. Ya zare tsohuwar na'urar, ya naɗe igiyar wutarta, ya jefa a kwali. Ya kafa sabuwa a falo, baƙa wuluk mai ƙahoni huɗu.

Aikin kam ya iya shi, ba a ƙwace masa wannan. Ya canza sunan wayifai ɗin, ya ɓoye shi. Ya haɗa kalmar sirri mai harafi goma sha shida, manya da ƙanana da lambobi, wadda shi kansa sai ya duba takarda. Sannan ya rubuta wa na'urar abu ukun nan, ya ce ko da kalmar a hannun mutum, in ba ya cikinsu ba zai shiga ba.

Mama ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Mayar da tsohon sunan da tsohuwar kalmar. Roƙonka nake."

Ya ɗago da mamaki, don bai taɓa jin ta roƙi kowa ba. Sai ya yi dariya.

"Tausayinki ya yi yawa, Mama. Wata rana za ki gode min."

Ya ɗauki kwalin, ya wuce ƙofar ɗakin nan da ya sa wa kwaɗo shekara huɗu da suka shige, ko kallonsa bai yi ba. Mota ta tashi.

Washegari Mama ta sallame la'asar, ta ja kujerarta zuwa tagar kicin kamar kullum. Ba ta yi boko ba, amma ita ta koya wa kanta buɗe shafin da ke nuna masu hawa wayifai ɗin a wayarta, kuma ta iya ƙirga. Masu tashi daga aiki suka fara ratsa lungu, takalma kawai ake ji ta bayan katanga. Uku. Ta goge fuskar wayar da gefen zani. Uku. Har aka kira magariba.

Ranar da Injiniya ya watsa wa ƙanwarsa Auta kayanta waje, ya kulle ɗakinta, ta rantse ba za ta sake taka gidan ba, ta canza lamba, ta ɓace wa kowa. Waya ce kawai ba ta canza ba. Ita kanta ba ta san cewa duk yamma, in ta ratsa lungun nan daga wurin aiki, wayar da ke jakarta tana tuna tsohuwar kalmar, tana gaya wa uwarta cewa ƴarta na nan da rai ba.