Babban Yatsa

Da mijinta ya tallabo fuskar wata mace, malamar makarantar garin, zai sumbace ta a wasan kwaikwayo, zauren cocin ya yi tsit. Shi ne basaraken wasan, mai hular farin gashi, mai lalata matan mutane, wanda za a soke kafin a rufe labule.

Matar tasa kuwa tana gefen dandamali riƙe da takobinsa. Ita ta ɗinka masa rigar wasan da labulen falonsu. Ita ce kuma ta koya musu dabarar: ya ɗora babban yatsansa a leɓen malamar, ya sumbaci yatsan, 'yan kallo ba za su gane ba.

Tafi ya ɓarke. Ya fito yana haki, sai fara'a yake yi.

"Masoyiya, kin ji tafi kuwa? Dabararki ta ci!"

"Na ji," ta ce, ta miƙa masa takobin. "Maza je ka mutu, ana jiran ka."

Duk zauren, daga inda take tsaye ne kaɗai ake ganin hannun nasa. Lokacin sumbar, yatsan bai je kusa da leɓe ba. Yana can bayan kunnen malamar, yana shafawa a hankali kamar wanda ya saba.