Layar Tiya Konsin

Saja Bertin ya ɗora bindigar a kan teburin Tiyo Melin, ya ce a duba ta kafin Asabar. Ta farauta ce, mallakar Don Anselmo mai gonakin raken da suka kewaye garin. Shi kuwa Saja baƙo ne, sati biyu ke nan da Don ya ɗauko shi daga wani tsibirin, wai don ya yi maganin aladun daji.

"Akwai wani ƙato da zai fito Asabar da hantsi," in ji Saja.

"Alade mai cika alƙawari ke nan," Melin ya ce. Ya leƙa cikin bindigar, ya ce ta yi datti, sai ta kwana biyu a wurinsa.

Shekara arba'in Melin ya yi yana gyaran bindiga a wannan shago, kuma bai taɓa tambayar kowa abin da zai harba ba. Ya dai san abin da duk garin ya sani: ranar Asabar masu yankan rake za su taru a bakin gona, shugabansu Lando Pabalan zai hau bayan babbar mota ya yi jawabi. Sau biyu ana aika wa Lando da saƙon ya yi shiru, bai yi ba.

Matar Lando ce hankalinta ya fi tashi. Ran Laraba ta ja shi har ƙofar coci, wurin Tiya Konsin mai sayar da kyandir da layu. Tsohuwar ta saurare su, ta rataya masa wata laya mai jan zare, ta ƙi karɓar ko sisi.

"Tiya, ni fa ban yarda da waɗannan abubuwan ba," Lando ya ce yana dariya.

"Wa ya ce ka yarda? Ka dai tsaya inda ka ce za ka tsaya."

Ran Juma'a Saja ya dawo shago, ya tarar da Melin yana cin shinkafa da busasshen kifi a ganyen ayaba. Tsohon ya goge hannu, ya ciro kwali biyu, ya tsayar da harsashi ɗaya daga kowanne. Tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya.

"Wannan na mafarauta ne, ka ga dalma a kansa. Wannan kuma na soja, ga gicciye cikin da'ira a gindinsa. Dukansu suna shiga bindigar nan, amma kama kawai suka yi. Na soja kwansonsa ya fi kauri, hular gindinsa ta fi tauri, don an yi shi ne saboda bindigar da ke shan wahala. Ni dai na mafarauta zan ba ka. Wancan ba na kowa ba ne."

Fuskar Saja ta canza. "Tsoho, shekara goma sha biyu na yi a daji da kaki. Ni za ka ba harsashin 'yan harbin tsuntsu?"

"Na dai faɗa maka."

"Miƙo na soja."

Suka zaga bayan shago don gwaji. Melin ya ce kada a ɓata masu wuyar samu a kan kwakwa, ya ɗura na mafarauta da hannunsa. Saja ya saita, kwakwar ta tarwatse. Ya tafi yana fito.

Asabar da hantsi Lando ya hau motar, layar na lilo a kan farar rigarsa. Taku ɗari biyu daga nan, Saja na kwance cikin rake. Ya saita jan zaren, ya ja kunama.

Ƙas.

Ya fitar da harsashin, ya tura wani. Ƙas. Na uku ma haka. Yana kan na huɗu, gumi na zuba masa a ido, wasu mata biyu da suka makara suka ratso ta cikin raken da addunansu, suka yi tuntuɓe da ƙafarsa. Ihunsu ya tara jama'a. Kafin ya isa ofishin 'yan sanda ya ambaci sunan Don Anselmo ya fi sau goma.

Da la'asar Sufeton 'yan sanda ya kawo bindigar shagon Melin, da harsasai huɗu a leda. Kowanne da ɗan lotsi a gindi, kamar an danna da farce.

"Tsinken da ke dukan hular bai yi ƙarfi ba," Melin ya ce. "Sifirin ɗinsa mai laushi ne. Ya isa ya fasa ta mafarauta, ta soja kuwa sai dai ya shafa ta. Na gaya masa ba ɗaya ba ne, ranka ya daɗe, amma ka san sojoji."

Sufeto ya rubuta cewa sa'a ce. Garin bai yarda ba. Kafin rana ta faɗi layi ya miƙe daga ƙofar coci har bakin kasuwa, kuma an ga kuratan 'yan sanda biyu a ciki, sun cire hula don kada a gane su. Lando kansa ya zo ya sumbaci hannun Tiya Konsin, idonsa jawur.

Melin ya rufe shago da wuri. Ya ciro tsohon sifirin mai ƙarfi na bindigar Saja daga aljihun wandonsa, ya jefa a rijiyar bayan gida, ya wanke hannu, ya hura wuta ya ɗora shinkafa, domin da irin wannan layin ya san yau matarsa Konsin ba za ta dawo da wuri ba.