Lambobin da Ke Matsawa da Kansu

A faɗar wani mai tsara littattafai a kwamfuta, duk layin masu ɗab'i na garinsu babu wanda lambobi ke yi wa biyayya sai shi. In aka zauna kan benci da rana ana shan rake, sai ya ɗaga yatsa ya ce ya ƙera wata dabara a cikin na'urarsa wadda ko waɗanda suka ƙera na'urar ba su san da ita ba. Kowane lissafi ya shigo shafi, wai da kansa yake ɗaukar lambarsa, ta koma gefen dama ta tsaya cikin baka biyu kamar soja a fareti. In an cire ɗaya, na baya su matso. In an ƙara, su ja da baya. Masu sauraro sai su gyaɗa kai, don yawancinsu katin biki da kalanda suke bugawa, ba su da abin musu.

Labari ya kai kunnen wata malamar lissafi da ta shekara bakwai tana rubuta littafi mai juzu'i huɗu. Ta kawo masa na farko, ta ce in ya yi kyau sauran ukun nasa ne, kuma sunansa zai fito a shafin farko, ƙarƙashin nata. Ta zayyana abin da take so: lambar babi a gaba, sai ɗigo, sai lambar lissafin; kowane sabon babi ƙirga ta koma ɗaya; lissafin da ke da rassa a bi shi da a, b, c; duk inda kuma bayani ya ce "dubi lissafi kaza", lambar ta dace da mai ita. Ya gyara zaman hula ya ce, "Hajiya, wannan ai shan ruwa ne."

To, ka san manhajar da yake aiki da ita tana iya duk wannan. Layi biyu ko uku na umarni ake rubuta mata a farkon aiki, shi ke nan. Gogan ne bai iya ba. Wanda ya iya kuwa yana shago na uku daga nasa, wani sa'ansa da suka koyi aiki tare, wanda gogan ya daɗe yana kira ɗan koyo a bayan ido. Ya dubi takun nan ashirin da ke tsakaninsu, ya ga sun fi Makka nisa. Sai ya zauna ya buga lambobi ɗari huɗu da goma sha biyu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Suka fito tsaf. Malama ta yaba, shi kuma ya ƙara wa labarin benci gishiri: yanzu lambobin har gaishe shi suke yi in ya buɗe shago.

Sai gyara ya fara zuwa, don mai lissafi ba ya gama littafi, sai dai a ƙwace masa. Malama ta ƙara lissafi ɗaya a farkon babi na biyu. Ya ce dabarar ba ta son a tsaya mata a kai. Tana fita ya saki labule, ya bi lambobi sittin da uku ya canja, ya koma cikin bayani yana farautar kowane "dubi" kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mako na gaba ta cire biyu. Ya ce dabarar ba ta aiki ranar Laraba sai bayan la'asar. Abincin rana ya riƙa hucewa a kwano, wuyan hannu ya kumbura, masu tambaya ya ce musu sanyi ne na gado. Amma in ya fito benci, ƙirji a gaba, murya ta fi ta kowa.

Ranar da za a kai aikin wurin injin bugawa, malama ta zo da shugaban sashensu don ya ga abin al'ajabin da ake faɗa, masu katin biki kuma suka cika ƙofa. Ta ce ta gano lissafi na uku a babi na huɗu maimaici ne, a cire shi. Gogan ya fara laluben labule. Ta ce mota na jiransu, kuma ai ta kawo baƙo ne ya ga yadda na baya ke matsowa. Ya ce dabarar tana jin kunyar baƙi. Ta yi murmushi, ta ja kujera, ta share lissafin da hannunta. Kowa ya zuba wa allon ido. Ga (4.2) a tsaye, ga (4.4) a tsaye, tsakaninsu giɓi kamar an cire haƙori. Aka jira. Ya yi gyaran murya ya ce wani lokaci sai sun yi shawara tukuna. Aka ƙara jira, babu wadda ta ɗaga ƙafa.

Malama ta gangara ƙasan shafi, ta taɓa wannan lamba, ta taɓa waccan, ta ga kowace an kafa ta da hannu kamar dashen albasa. Ta kwashe aikinta a filash, ta ja zif ɗin jakar da sauran juzu'i ukun ke ciki, sannan ta dube shi a hankali ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ashe dabarar taka yatsu goma gare ta."

Masu iya magana dai sun riga mu faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.