Shuɗi Iya Ƙirji

"Baba, rufe idonka," in ji 'yarsa, tana jan hannunsa.

Mai fenti ya yi dariya ya bi ta. Bana kakarsa ta yanke saƙa, don farashin gidajen bakin teku sai tashi yake yi, kuma dillali ba ya nuna gida sai mai fentin ya fara shiga. Yakan kankare gishirin da ambaliya ta bari a bango, ya toshe tsaga, ya shafa shuɗi mai duhu har inda ruwan ya tsaya. Bara iya gwiwa yake shafawa, bana sai da ya kai ƙirji. Masu gida su sayar su gudu, baƙi su yi ta rububi. Bai taɓa tambayar wa zai kwana ciki ba.

"To, buɗe! Mu ma mun saya, ni da maigidana. Saura ƙiris wani ya riga mu."

Ya buɗe ido. Falo fes, bango na sheƙi. Aikin hannunsa ne.

Jikarsa ta ruga ta jingina da bangon, tana ɗage.

"Kaka, auna ni!"

Shuɗin ya wuce kanta da taƙi guda.