Wanda Ke Taɓa Lambobin Malam Daidai

Kwali huɗu suka dawo da safiyar Litinin, manaja da kansa ya jibge su gaban injin sassaƙa ƙarfe.

"Zobe ɗari huɗu, ko ɗaya bai zauna ba," in ji shi. "Masu birki sun ce in aka kuma, sun bar mu ke nan. Malam Daidai, kafin a tashi ina son sanin mai laifi."

Ba a banza ake kiransa Malam Daidai ba. Shekara ashirin da biyu yana kan ƙarfe, tun ana juya injin da hannu har aka kawo wannan mai kwamfuta, wanda sai an rubuta masa umarni layi-layi: ga wuƙar da za ka ɗauka, ga gudun da za ka yi, ga iya abin da za ka ci. Malam Daidai ke karanta zanen aikin ya rubuta wannan furogiram, shi ke ɗaura wuƙaƙe ya daidaita bakinsu. Zobban alminiyam ne 'yan ƙanana masu shiga famfon birkin manyan motoci, kuma kuskuren da aka yafe musu bai kai kaurin gashi ba.

Ya ɗauki guda ya sa a ma'auni, ya matsa bakin taga, don fitilun wurin nan sun dushe, ya yi ƙorafi har ya gaji. Ramin zoben ya yi faɗi. Kaɗan ne, amma a birki kaɗan ɗin ke kashe mutane. An yi gaggawar tura kayan ne a makon jiya, ba su bi ta ɗakin awo ba.

Injin yana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa shi. Malam Daidai ya buɗe, ya kai fuskarsa dab da allon. Wani yana shiga furogiram ɗinsa yana sauya lambobi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, wata bakwai ana yi, kuma kullum a lokacin da shi Malam ɗin ya fita hutun rana. Lambar shiga guda ce, ta Dogo.

Dogo ƙanin matarsa ne. Malam Daidai ne ya kawo shi wurin nan shekara tara da suka wuce, ya koya masa riƙe ma'auni. Aikin Dogo shi ne ya sa sandar alminiyam a bakin injin, ya lura da ruwan sanyaya, ya kwashe zobba. Furogiram ba huruminsa ba ne. Sai Malam Daidai ya tuna raɗe-raɗin da ake yi, wai manaja yana neman wanda zai ɗora a kujerar rubuta furogiram. Ashe a gida ake haƙa masa rami.

A gaban manaja ya kira shi.

"Lambarka ce wannan?"

"Tawa ce, Yaya."

"Me na yi maka?"

Dogo ya dubi manaja, ya dubi Malam Daidai, ya sunkuyar da kai. "Ba ni da abin faɗa."

Nan take aka sallame shi. Ya rataye rigar aiki a ƙusa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo. "Yaya, don Allah gobe ka bari a kai zoben farko ɗakin awo kafin ka saki injin."

"Ni za ka koya wa aiki?" Dogo ya juya ya fita.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta koma gefe. Labari ya riga shi isowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, abu ɗaya ta tambaya: "Shi ne bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya?" Ya ce mai laifi da me zai kare kansa. Ya sa hannu a kwano, ya yi loma biyu, ya ture shi gefe.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya goge furogiram ɗin gaba ɗaya, ya shimfiɗa takardar zanen, yana tsine wa na'urar buga takardun ofis da ke fitar da rubutu dishi-dishi, ya sake rubutawa daga layin farko. Ya sa sabon bakin wuƙa, ya daidaita shi sau biyu. Zoben farko ya faɗo da ɗuminsa yana sheƙi. Ya auna da kansa, ya yi daidai da abin da ya rubuta. Ya saki injin. Zaren alminiyam ya yi ta murɗewa yana zuba.

Kafin hutun rana mai awo ta aiko a kira shi. Dattijuwa ce marar yawan magana, sun daɗe suna aiki tare. Da ya shiga ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Zobban safiyar nan ɗari da ashirin suna jere a teburinta, kowanne da jan alli. Kusa da su ga tarihin injin ta buga da manyan haruffa, ga zanuka tari guda.

"Duka sun fita daga awo," in ji ta.

"Ba zai yiwu ba. Yau babu wanda ya taɓa min aiki."

"Na sani, Malam. Shi ya sa." Ta turo masa kujera, ta sassauta murya. "Tun jiya nake bin tarihin nan layi-layi ina gwadawa da zane. Inda zane ya ce uku, kai takwas kake rubutawa. Wata bakwai Dogo yana bin bayanka yana mayar da kowace lamba yadda take, don kada manaja ya san idonka ya soma tafiya. Rana ɗaya tak bai zo aiki ba, ranar da ya kai matarsa asibiti, kuma kayan ranar ne suka dawo."