Igiyar Shanyar Uwar Biyu

Uwar Biyu da hannayenta take ci. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata tagwaye, wankin kayan mutane take yi a tsakar gidan hayar da muke zaune. Ni na haife ta, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba.

Bara mai gidan ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙarshen tsakar gida. Ya sayo waya mai sulke, irin mai kaurin nan da aka naɗe cikinta da siraran ƙarafa, don a ja wuta ta ƙarƙashin ƙasa zuwa injin ruwa. Waya kam mai kyau ce, ban ce komai a kanta ba. Wanda aka ɗauko ya yi aikin shi ne masifar. Yanzu-Yanzu ake ce masa, saboda bai taɓa zama a kan aiki ɗaya har shayinsa ya huce ba.

Ramin da ya tona ko taƙi ɗaya bai kai ba. Ya shimfiɗa waya, ya tura ƙasa da ƙafa. Da ya zo jikin bango wajen akwatin wuta, sulken ya ƙi lanƙwasuwa, sai ya feɗe shi, ya tura wayoyin ciki kawai, ya bar ƙarafan a waje cirko-cirko.

Uwar Biyu ta ɗago daga kan baho ta ce, "Malam, waɗannan fa? Haka za ka bar su su tsone wa yarana ido?"

Ya yi dariya. "Haba Uwar Biyu, yau kuma ke ce injiniyar? Wannan rigar waya ce kawai, babu wuta a ciki. Tsaya ma in yi miki gata."

Ya sa filaya ya murɗe su suka zama ƙugiya. "Ga maɗaurin shanya na ba ki kyauta. Ko bargo goma kika rataya ba zai motsa ba."

Har godiya ta yi masa. Igiyar shanyarta ta ƙarfe ce, ta ɗaura bakin igiyar a jikin ƙugiyar. Wata bakwai tana shanya lafiya.

Ranar wata Talata da hantsi aka kawo lebura ya gyara kwata. Bai san akwai waya a wurin ba, don babu bulo a kanta, babu wata alama. Ya kai diga sau biyu, ya ji ya sari abu. Da ya ga baƙar roba, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya yi shiru da bakinsa.

Uwar Biyu kuwa ta ɗauko jiƙaƙƙen zanin gado, ƙafarta babu takalmi, siminti duk ruwa. Ta kama igiya.

Ba ta yi ihu ba. Ina ƙofar ɗaki na ga jikinta yana karkarwa, hannunta ya ƙanƙame ƙarfen ya ƙi saki. Na taso zan rungumo ta, maƙwabciyarmu ta hankaɗe ni gefe, ta ɗauki busasshen katako ta maka wa igiyar har ta tsinke. Ba don ita ba, da mu biyu za a kwasa.

A asibiti aka yanke hannun dama daga gwiwar hannu. Na hagun yatsu biyu ne ke motsi.

Wani dattijon ma'aikacin wuta ya zo ya tone wurin. Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce mini, "Inna, diga ce ta tura sulken ya taɓa wayar ciki, wuta ta biyo shi har igiya. Sulken nan akwai zoben ƙarfe da ake damƙe shi da shi a jikin akwati, a haɗa shi da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa. Da an yi haka, digar na taɓawa fis zai yanke wutar. Aikin rabin awa ne."

Rabin awa, jama'a!

Na je wajen Yanzu-Yanzu. Yana saman tsani a gidan wasu, ko saukowa bai yi ba. "Baba, ni lafiya na bar aikina. Ki nemi wanda ya sara."

Lebura ya ce shi ƙasa aka ce ya tona. Mai gida ya ce shi waya mai kyau ya saya, in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na san ƙaddara, na girme shi da saninta. Amma ƙaddara ba ta riƙe filaya ba ranar nan. Ƙungiyar masu aikin wuta na je sau huɗu. Sun ce sunansa ba ya cikinsu, ba ruwansu. To a hannun wa yake? Wa zai tsayar da shi? Ko jiya an gan shi da naɗin waya a kafaɗa.

Yanzu ni ke wankin, da wannan bayan nawa da ba ya miƙewa, masu kawo kaya kuma sun ragu. Da safe tagwaye kan kawo wa uwarsu mataji su zauna a gabanta kamar yadda suka saba. Sai ta dubi kawunansu, ta juya fuska bango.

Ba zan daina zuwa ƙofofin nan ba, ko da na san ba mai mayar mata da hannu. Ku dai da naku ke jikinku, ku ji: in za a ja muku waya mai sulke, ku nemo wanda ya san aikin, ku tsaya a kansa ya binne ta da zurfi, ya sa alama, ya haɗa sulken da wayar ƙasa. Kada ku rataya ko tsumma a jikin ƙarfen waya, ko da wanda ya sa ta ya rantse muku babu wuta.