Farin Zomo da Kaskon Turare

"Zomon ne," ta ce wa ma'aikaciyar asibitin, tana rungume da 'yarta mai numfashi da ƙyar. Ta rage murya don kar yarinyar ta ji. "Amma na sa an yanka shi tun shekaranjiya."

Ba da ka ta saye shi ba. Ta san gashin kyanwa na tayar wa yarinyar da asma, shi ya sa a kasuwar Gwarzo sai da ta sa yarinyar ta rungumi zomaye uku, tana lura. Farin bai sa ta ko atishawa ba. Amma kwana biyu da kawo shi gida Garo, tari ya sarƙe ta.

"To Hajiya, in shi ne, me ya hana ta samun sauƙi? Ba abin da kika sauya a ɗakin?"

"Babu, Sista. Sai turaren wuta safe da yamma, don ya kashe warin zo..."

Sai ta tuna. Ko yau da za su fito, sai da ta ƙara wa kaskon turaren garwashi a gefen gadon yarinyar.

'Yar ta ɗago kai. "Umma, in na warke, za ki karɓo min shi daga gidan Inna?"